Shekarar da Na Zaci Ƙuruciya Ta Dawo

Ruwan dam ɗin Bakolori ya ci gonar ubana a ƙasar Maradun. Na kwashi matata da tukwanenta da akuya, muka gangaro wajen Talata Mafara, inda aka yanka mini gona a bakin kanal, magudanar da ke kawo ruwan dam gonaki. Ba ta kai rabin wadda ta nutse ba. An kuma gaya mana ƙarara cewa wanda ya bar tasa ta yi ciyawa, za a ba wani. In ban da ita, ba ni da ko wurin kafa turke.

Na ga yunwa. Na ga tashin gari. Na ga ranar da manyan mutane suka ruga suka bar takalmansu a hanya. Duk na fita da raina, saboda haka na ɗauki kaina mutumin da babu abin da zai kayar da shi.

Wata shekara, bayan dashen shinkafa, mai gari ya aika a kira ni. Ya ce wasu ɗalibai Turawa sun zo daga wata jami'a ta ƙasarsu. Karatu ne ya kawo su: su duba ƙwari da tsirran ƙasa mai zafi, su kuma zauna a gidajen mutane su koyi yadda muke rayuwa. An rarraba su, wasu Bakura, wasu Damri. Ɗaya ya faɗo kaina, don gidana ne kusa da ruwa, kuma ina da ɗaki a zaure babu kowa.

Na ce, "Ranka shi daɗe, ni ba ni da magana. Mi za shi koya wurina?"

Ya ce, "Shi ya sa na zaɓe ka. Ba ka ɓata muna suna."

Baƙon nawa dogo ne siriri, rana ta mayar da wuyansa kamar tattasai. Akwai tafinta, wani saurayi Basakkwace, mai zuwa kowace safiya a kan babur. Hausar baƙon gaisuwa ce kawai, amma ya riƙe ta da kyau. Da safe sai ya durƙusa ya fara: ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina iyali, ina aiki, ina ruwa. In ya ƙare sai ya tambayi lafiyar akuya. Ni dai lafiya nake cewa har ya gaji.

Aikinsa dodon koɗi ne. Ba manya ba, 'yan ƙanana da ba su fi ƙwayar wake ba, masu manne wa ciyawar bakin kanal. Kafin ya taɓa ruwa sai ya sa takalmin roba mai kai wa gwiwa, ya sa safar hannu, ya ɗauki wata rariya mai dogon mariƙi. Ranar farko na tsaya ina kallo. Ƙato guda, ya tsallako ƙasashe, yana shiri kamar zai shiga gidan zuma, don ruwan da awaki ke sha. Tausayi ya kama ni. Na naɗe wando na faɗa kanal, na kwaso masa dodon koɗi cikin tafin hannuna.

Ya yi ihu. Tafinta ma ya yi ihu.

"Baba, fito! Ya ce akwai ƙwari a ruwan nan masu shiga fata."

Na sunkuya na duba. Na ga ƙafata, na ga yashi, na ga ɗan kifi.

Na ce, "Gaya mai na duba. Sun tafi."

Washegari ya kawo mini takalmi irin nasa. Kyautar baƙo ba a mayar da ita. Na yi godiya, na kai gida, na kwantar da su ƙarƙashin rumbu. Kullum kuwa ina cikin ruwa ƙafa ba takalmi, ko ina ban-ruwa a gonata, ko ina kwaso masa kayan karatunsa. Ya hana, ya roƙa, ya gaji.

Akwai wani abu da nake ji da shi a lokacin. A garinmu, in yaro ya fara jan fitsari mai jini, sai a ce ya kusa zama namiji. Haka muka taso muka tarar. Na yi nawa ina yaro, ya wuce. To bayan mun zauna bakin kanal, ga furfura a gemuna, sai abin ya dawo. Ban tsorata ba. Daɗi na ji. Na sami taubashina, ɗan ƙanwar ubana, wanda ba ya barin kowace magana tawa ta wuce lafiya, na gaya masa a hankali.

Ya ce, "Kai? Da wanga gemu?"

Na ce, "Ƙuruciya ce ta dawo."

"Ta rasa gidan sauka duk Mafara sai naka?"

Na ce hassada ce.

Matata ba ta yi dariya ba. Ita ke ganin tuwon da nake ragewa, da yadda nake dafe ƙugu in na miƙe. Ta ce, "Malam, ƙuruciyar da ke sa mutum ya zauna ya huta kafin ya kai tsakiyar gona, ni ban san ta ba."

Na ce mata wannan sha'anin maza ne.

Da la'asar baƙo kan zauna da ni a zaure, shi da tafinta, don ɓangaren karatunsa na al'ada. Ya tambayi suna, ya tambayi aure, ya tambayi yadda ake rabon gado. Amsata ba ta wuce i ko a'a, ko haka ake yi. Na ga yaron yana wahala da ni. Rannan sai ya tambayi yadda muke gane yaro ya girma. Nan na ga dama ta zo in ba shi abin da zai kai gida. Na gyara zama, na yi masa bayanin jan fitsari tun daga tushe. Ban taɓa yin doguwar magana irin ta ranar ba, har matata ta leƙo ta ga ko lafiya.

Da na ƙare na ce wa tafinta, "Tambaye shi, shi ya yi nashi?"

Aka tambaye shi. Ya ce bai taɓa ba.

Na dube shi, tsawon nan duka a banza. Na ce, "Kada shi damu. Shi riƙa tsayuwa cikin rana, shi sha rake. Yana zuwa. Ni nan da kuka gani, nawa ya dawo."

Tafinta bai fassara nan da nan ba. Ya dube ni, ya dubi ƙasa, sannan ya faɗa. Baƙo ya ajiye alƙalami. Ya shiga ɗaki ya fito da 'yar kwalba, ya ce in taimaka in ba shi kaɗan ya duba.

Na ce, "Mi za shi yi da shi?"

"Dubawa kawai, Baba."

Na ce na ba shi ɗaki, na ba shi tuwo, na ba shi al'ada. Wannan kam a'a. Mutum ba ya miƙa wa wani abin da ya fito daga jikinsa, bai san inda za a kai shi ba. Baƙo ya ajiye kwalbar a bakin taga.

Ciyawa kuwa ba ta jira ni ba. Gonar maƙwabcina fes, tawa ta fara rufe shinkafa. Ina fita da sassafe, kafin hantsi ƙuguna ya riƙe, idona ya yi duhu. Wata rana ina cikin cira, sai na ji ni zaune cikin laka, ban san lokacin da na zauna ba. Daidai nan malamin gona mai zagayen filaye ya biyo ta kan gaɓa. Ya gaishe ni da ladabi, ya tambayi gida, ya tambayi aiki. Sannan ya tsaya ya daɗe yana kallon ciyawar.

Ya ce, "Baba, wadda aka shuka ita ce wacce?"

Ya wuce. Na san abin da ke biyo bayan irin wannan tambaya.

Da na koma gida na ɗauki kwalbar daga bakin taga. Na zagaya bayan gida, na dawo da ita a naɗe cikin tsumma, na miƙa wa baƙo ina kallon wani wuri.

Suka ɗauke ni zuwa cikin Mafara, wani ɗaki da ɗaliban ke ajiye kayan aikinsu. Baƙo ya ɗiga abin a kan ɗan gilashi, ya sa ƙarƙashin madubin likita, ya murɗa, ya murɗa, sannan ya ce in sa ido. Na sa. Da fari haske kawai na gani. Can sai ga su. Kamar 'ya'yan guna, kowane da 'yar ƙaya a gindi, suna kwance abinsu.

Na ce, "Waɗanga fa?"

Tafinta ya ce, "Ƙwai ne, Baba. Na tsutsar tsargiya. Iyayen na cikin jikinka."

Suka yi mini bayani a hankali. Ƙwan na fita da fitsari ya shiga ruwa, ya ƙyanƙyashe, ya shiga dodon koɗi ya girma, ya fito ya nemi ƙafar mutum. Jinin da nake alfahari da shi, ƙayar nan ce ke yanka ni a ciki.

Na ce, "Wato ni ke kiwon su."

"Kai da dodon koɗi, Baba. Karɓa-karɓa kuke yi."

Na tuna yadda nake kwaso masa su da hannu ina yi masa dariya. Na janye idona daga madubin. Shi kuwa, Allah ya saka masa, bai tuna mini ba.

A asibiti aka ba ni ƙwayoyi masu ɗaci, suka juya mini ciki, na kwanta. Taubashina ya zo dubiya. Ya yi sallama, ya gaishe ni cikakkiyar gaisuwa, sannan ya ce, "Ashe garke gare ka ba mu sani ba. Ka fidda musu zakka?"

Na juya masa baya.

Baƙo ya aiko tafinta da sauran magana: magani ya kashe na ciki, amma ruwan na nan da wasu. In na koma ƙafa ba takalmi, na koma gidan jiya. Gona kuwa ba ta ciruwa daga kan gaɓa. Ran da na iya miƙewa, na nufi ƙarƙashin rumbu.

Na sami takalmin ƙafar dama. Na hagu akwai mai shi. Takalmin Bature ne, bakinsa ya kai ƙaramar ƙwarya, kazar matata ta cika shi da ƙwai ta hau kwanci. Na miƙa hannu, ta sare ni.

Matata ta fito daga madafa. "Malam, mi kaka nema wurin kazata?"

"Takalmina."

"Yau ya zama naka? Da ka yar da shi ita ta ga amfaninshi."

Na ce ciyawa za ta ci gona. Ta ce in an tashe ta a banza za ta bar ƙwan su lalace. Na ce to in tafi da ƙafa ɗaya? Ta tsaya tana dubana daga sama har ƙasa. Idonta ya tsaya a kaina. Malafata ce a kai, wadda na taho da ita tun daga Maradun, tana cikin 'yan abubuwan da ruwa bai ci ba.

Ta ce, "Kawo."

Ta juya ta, ta zuba ƙaiƙayi, ta jera ƙwan a ciki, ta ajiye a daidai inda takalmin yake. Kaza ta zagaya, ta yi 'yan ƙorafe-ƙorafenta, ta hau ta zauna.

Haka na fita gona: takalmin roba har gwiwa, ya yi mini yawa, ina tafiya yana kuka, kai kuma babu malafa. Duk wanda ke bakin kanal ya miƙe ya kalla. Taubashina ya ɗaga murya daga gonarsa.

"Sannu Bature! Ina kwana, ina gajiya, ina akuya?"

Na wuce shi. Na shiga ruwa na kama ciyawa. Ƙafata ta jiƙe da gumi a cikin roba, rana ta dafa mini ƙeya. Baƙo yana can gefe da rariyarsa. Ya dubi kaina, ya dubi rana, ya ce wani abu, tafinta ya ƙyalƙyale.

"Baba, ya ce ko a kawo maka rake?"

Shi ke nan abin da ya rama da shi, kuma na ga ya yi mini sauƙi.

Ƙarfi bai dawo rana ɗaya ba, amma ya dawo. Na ci gaba da cira, yau kaɗan gobe kaɗan, har na kai ƙarshen gona ban zauna cikin laka ba. Da malamin gona ya sake biyowa, ya gaishe ni, ya dubi shinkafa, ya dubi takalmi, ya wuce bai yi tambaya ba.

Ana cikin haka taubashina ya same ni ni kaɗai a bakin gaɓa. Ya daɗe yana zancen tsuntsaye da farashin taki. Da zai tashi ya rage murya.

"Wanga baƙo naka, yana da wata kwalba?"

Na ce, "Ƙuruciya ta sauka gidanka kai ma?"

Ya ce in rufa masa asiri. Na rufa, sai dai na gaya wa matata.

Ɗaliban sun koma ƙasarsu kafin girbi. Baƙona ya durƙusa ya yi gaisuwarsa ta ƙarshe, ya tambayi akuya, ya ƙara da kaza da 'yan tsakinta. Ban san abin da ya kai wa malamansa game da al'adunmu ba. In ya kai doguwar maganata ta zaure, ina fata ya haɗa da abin da ya biyo baya.

Na yanke shinkafa a shekarar, gonar ta zauna a hannuna. Fitsari ya koma fari, gemu ya ƙara fari. Malafa kuwa ban sake ganin ta a kaina ba. Da kazar ta sauka, wata ta hau.