Ƙibar Yayana

Lokacin da yayana ya fara jan bas tsakanin Ajingi da Kano, siriri ne kamar karan dawa. Ba a yi shekaru da yawa ba sai da ya sake ɗinkin riguna. Duk sanda ya zo gida Kademi, Inna takan dafa kafaɗarsa ta ce, "Yanzu ka zama mutum." Mu ma haka muka ɗauka, don a wajenmu ƙiba alamar hutu ce.

Abincinsa na tasha ne. Da safe shayi mai kauri da burodi, da rana shinkafa tana ninƙaya a mai, ga lemon kwalba. In ya tsaya wajen mai balangu, ɓangaren kitse yake nunawa. Tuwon dawa kuwa, ya ce ya ci rabonsa tun yana yaro.

Ciwon ya faro da ƙurji a ƙafa wanda ya ƙi warkewa. A asibiti a Gaya aka ce sukari ne. Ƙafar ta lafa, ta dawo, ta sake kumbura, aka daɗe a haka. Daga baya ya fara haki, tafin hannunsa ya yi fari fat. Aka ce jininsa ya yi ƙasa. Na ba shi nawa, abokansa direbobi ma suka bayar. In an ƙara masa sai ya farfaɗo, kafin wani lokaci ya koma gidan jiya.

Aka tura mu Kano, aka ɗebi ɓargo daga ƙashin ƙugunsa. Da sakamako ya fito, likitar ta zaunar da mu.

"A cikin ɓargo ake haifar jini," in ji ta. "Akwai wasu ƙwayoyi a can, su ne iyayen jini. Idan jiki ya daɗe cikin kumburi, ga kitse ga sukari, kullum aiki ake ɗora musu ba hutu. Wasu su gaji, wasu su lalace su rinjayi masu lafiya."

Yaya ya ce, "To abincin ne ya jawo min?"

"Ba zan ce shi kaɗai ba. Akwai wanda bai ci irin naka ba ya kamu. Amma bai taimake ka ba."

Ni na kai wa Inna bayanin. Ta ce, "Ni kuwa ina ta murna ya yi ƙiba."

Ta tare a gidansa a Ajingi, ita da matarsa suna dafa masa zogale da wake da faten rama. Yana ci ba musu, yana ta ramewa. Wata ranar kasuwa ya ce min, "Ƙanina, marmarin tsire nake." Na kalli Inna, ta ce in je in sayo. Ya ci yanka ɗaya, ya miƙa wa yaransa sauran, ya zauna yana kallonsu.

Ya rasu ana cirar gyaɗa. Bayan takaba matarsa ta koma gidansu a garin Balan tare da yaran. Bara na kai musu ziyara, babban ɗansa ya rako ni bakin hanya, ya ce, "Baffa, me ya kashe babanmu?" Na ce ciwon jini ne.

Ya ce, "Ni ma ina da irin jininsa?"

Na ce masa Allah ne masani, na kuma yi masa alkawarin zan kai shi a duba shi. Da aka yi hutun makaranta na kai shi, aka ce lafiyarsa ƙalau.