Maƙogwaron da Ermelinda Ta Ja wa Mijinta

Duk ƙauyenmu babu wanda zai ce ya taɓa ganin Ermelinda ta gama cin abinci a zaune. A tsaye take ci, cokali a hannu ɗaya, ɗayan hannun yana goge teburin da ta riga ta goge. Yayar mijina ce, bango ɗaya ya raba gidanmu da nasu, saboda haka ni Odília na sha ƙarar takalminta na katako tun ranar da aka kawo ni gidan aure har furfura ta fito mana. Ba zan ɓoye ba, da farko haushinta nake ji. Irin matan nan ne da in sun shigo ɗakinki sai ki ji duk duniya babu malalaciya kamarki.

Sana'arta jan alewar bakance, wadda muke kira alfenim. A nan tsibirin Terceira, in ciwo ya kwantar da mutum sai ya yi wa Ruhu Mai Tsarki alwashi cewa in ya tashi zai kawo masa gaɓar da ta yi ciwon, ta farin sukari. In ya warke sai ya zo wurin Ermelinda ta ja masa, ranar idi a kai ɗan ɗakin ibada na bakin dandali a jera gaban kambun azurfa. Ta ja ƙafafu, ta ja hannaye da idanu da jarirai, har saniya da ɗan maraƙinta ta taɓa ja. A wurin kakarta ta koya, ita kuma kakar ta yi wa wasu tsofaffin matan zuhudu aikatau a birnin Angra tana yarinya, a can ta sace sana'ar da ido. Ermelinda takan ce daga Larabawa abin ya samo asali, ya biyo masu noman rake tsibiri tsibiri har ya iso mu. Fadan cocinmu ya taɓa ce mata shi bai ga haka a rubuce ba, ta ce masa ya riƙe littafinsa, ita ta riƙe tukunyarta.

Ni ce mai riƙe mata tasa, ba don ina so ba, don in ban je ba za ta yi ta buga bango ne. Sukari da ruwa da ɗan ruwan tsami na khal take ɗorawa, ba a motsawa, ba a magana da ita. Ta riƙa ɗiga shi a ruwan sanyi, in ɗigon ya daskare har ya yi ƙara a jikin kofi, to ya yi. Sai ta juye a tasar tagulla da aka shafe da man shanu, tasar tana zaune cikin ruwan sanyi, ta riƙa naɗo gefe zuwa tsakiya. Tun yana da zafin da ni ko kusa da shi ba na kai yatsa take ɗauka, ta ja, ta ninka, ta ja, ta ninka, har abin da ya fito ruwan zuma ya koma fari fat. Daga nan sai gaggawa, don in ya huce ya gama jin magana. Almakashi a hannu, ta tsaga yatsu, ta lanƙwasa gwiwa, tana yi tana yi mini faɗa a kan na tare mata haske.

Babban maƙiyinta iskar kudu. In ta taso daga teku da laimarta, alewa ba ta yin fari, ba ta tsayawa, sai ta yi ta naso tana lanƙwashewa. Shi ya sa Ermelinda ba ta iya wuce ƙofa ba ta leƙa sama ba.

Tana da ƙa'ida ɗaya da kowa ya sani: ba ta ja wa wanda bai warke ba. Na ga wata mata ta zo da kuka, ɗanta na kwance da ciwon ƙirji, tana roƙon a yi mata tun yanzu ta kai.

"Baiwar Allah, koma ki yi jinyar ɗanki," in ji Ermelinda. "Ruhu Mai Tsarki ba ɗan kasuwa ba ne da za ki ba shi kafin alƙalami. Ya tashi tukuna, ki zo, ni da kaina zan ja miki."

Mijinta Urbano makiyayin shanu ne, mutum mai sanyi kamar ruwan tulu. Yadda ita ba ta zama, haka shi ba ya sauri. Kullum da safe in ya ɗaura wa jakinsa garewanin madara sai na jiyo su ta bango.

"Baban Zulmira, kai da jakin nan wa ke jiran wani?"

"Dukkanmu ke muke jira ki gama magana, Melinda."

Zulmira ita ce 'yarsu ɗaya, ta yi aure ta bi mijinta Amurka, gidan ya rage su biyu.

A sanyin wata shekara muryar Urbano ta dushe. Ya ce mura ce. Mura ta ƙi tafiya, ya fara ture nama gefe, daga baya burodi ma sai ya jiƙa a madara. Da ƙyar mijina ya tura shi mota suka je wurin likita a Angra. Da suka dawo, Urbano ya wuce wurin shanunsa, mijina ne ya tsaya a ƙofar kicin yana murza hularsa ya gaya wa yayarsa. Ciwon daji ne a maƙogwaro, kuma ya riga ya yi nisa.

Ermelinda ba ta yi kuka ba. Ta wanke tukunyar da ke wanke, ta share tsakar gida, ta fita ta dawo, ta sake fita. Washegari tun kafin in hura wuta na ji bugun bango.

"Odília, zo ki riƙe mini tasa."

"Ta wa za a ja, Yaya?"

"Maƙogwaro zan ja."

Na tsaya ina kallonta. "Yaya, ai bai warke ba."

"Na tambaye ki? Riƙe tasa."

"Ke ce fa kika kori mutane a kan wannan."

"Na kore su. Yanzu ki je dandali ki yi shela, in kin gama ki dawo ki riƙe mini tasa."

Na riƙe. Tausayinta ya kama ni, tsoro kuma ya kama ni, don mu a wurinmu kai bakance kafin a warke kamar ɗaure wa Ubangiji hannu ne. Magana kuwa ta zaga ƙauye kafin sukarin ya huce. Ita dai ta ƙudura a ranta cewa in ta ajiye maƙogwaro lafiyayye, fari, marar tabo a gaban kambu ranar idi, za a bar mata mijinta.

Sai iskar kudu ta zo ta zauna. Maƙogwaro na farko ya fito rawaya. Na biyu ya yi fari amma kafin yamma ya yi naso ya kwanta. Wani ya tsage wurin lanƙwasa, ta jefa wa aladu. Tafin hannunta ya yi bororo, ya fashe, ta ɗaure da tsumma ta ci gaba. Tsakanin tukunya da tukunya ta gudu ta dama wa Urbano kunu, ta tace, ta sake tacewa, ta gudu ƙofa ta dubi sama, ta dawo ta zagi teku. Mutanen da suka warke suna zuwa karɓar ƙafafunsu da hannayensu ta ce su jira iska, ita ma ita take jira.

Urbano yana kwance a ɗaki yana jin komai. Ran nan na kai masa ruwan ɗumi, ya yafito ni da hannu, muryar kamar ana jan buhu a ƙasa.

"Amaryarmu, sukarin tsibirin nan bai ƙare ba?"

"Saura kaɗan, Yaya Urbano."

"Ki ce ta huta. Ni ba ta jin maganata tun ina da murya."

Ana saura 'yan kwanaki idi aka wayi gari iska ta juya arewa, sama ta washe. Ranar Ermelinda ta yi aikin da ban taɓa ganin ɗan Adam ya yi ba. Ta fara da nata. Ta ja shi har ya yi ƙyalli, ta naɗa shi zobe zobe kamar maƙogwaron gaske, ta ɗora a kan farin ƙyalle. Ban taɓa ganin abin da ya fita daga hannunta mai kyansa ba. Ta saka shi a gwangwani ta rufe bakin da kakin zuma, sannan ta juya ta sallami na mutane har rana ta faɗi. Kashegari laima ta dawo, har bango yana gumi.

A kwanakin nan ne haɗiya ta gagari Urbano. Kunu ya ƙi wucewa, madara ta ƙi, ruwa ma in an ɗiga masa sai ya sarƙe ya yi ta tari har idonsa ya yi ja. Na gwada sa masa ɗan garin sukari a harshe, ya kankare masa maƙogwaro, tarin ya fi na da. Leɓunansa suka bushe suka tsage. Ermelinda ta riƙa shiga tana fita tana cewa, "Ka daure, Baban Zulmira, Lahadi ta kusa."

Lahadi ta zo da yayyafi. Tun da hantsi ƙanshin miyar idi da naman sa ya cika gari, ana harba wutar biki sama, 'yan badujala suna gwada ƙahoninsu a bakin coci. Duk mai bakance ya riga ya karɓi nasa tun jiya. Ermelinda ta sa baƙar rigarta ta fita unguwa, ta fasa kakin gwangwanin, ta ɗora maƙogwaron a faranti. Ni zan zauna da marar lafiya, ita ta shiga jerin gwano in ya iso ƙofar gida. Har ta kai bakin ƙofa Urbano ya buga gefen gado da hannu.

"Me kuma?" in ji ta.

"Kawo in gani."

"Za su wuce ni."

"Ba nawa ba ne?"

Ta dawo da sauri ta miƙa farantin gabansa, ƙafarta ɗaya tana waje. Ya daɗe yana kallo.

"Ya fi na jikina kyau," in ji shi.

Ya kai yatsa ya shafa. Laimar ranar ta riga ta fara taɓa bayan alewar, yatsan ya ɗan manne. Sai ya kai yatsan baki, kamar yadda kowa zai yi ba tare da tunani ba. Muna tsaye muna kallo, ya tsotsa, miyau ya taru masa, muka ga wuyansa ya motsa. Ya haɗiye, kuma bai yi tari ba.

Kiɗan badujala ya karyo kwanar layinmu. Na san abin da ke ran Ermelinda don a fuskarta yake. Ba a kai wa Ruhu Mai Tsarki abin da aka gutsura, ko ɗan ƙiris ne. Wani kuma ba zai jawu a wannan laimar ba, idi kuwa sai baɗi. Ta dubi ƙofa, ta dubi mijinta da ke lasar busasshen leɓensa, ta sake duban ƙofa.

"Tafi, Melinda," in ji Urbano. "Za su wuce ki."

Wata maƙwabciya ta ƙwala kira daga waje. "Ermelinda! Kambu ya iso, fito!"

"Ku je!" ta amsa da ƙarfi. "Ku je, ba na zuwa!"

Ta ajiye farantin a kan gado, ta kama maƙogwaron da hannu biyu ta karya. Ƙarar ba ta fi ta karyewar busasshen kara ba, amma har cikin cikina na ji ta. Ta zaɓi ƙaramin gutsure ta sa masa a harshe. Ya rufe ido, ya bar shi yana narkewa, wuyansa ya motsa, ya sake motsawa. Jerin gwano ya wuce ta bakin taga da tutocinsa da farantan mutane.

Da gutsuren ya ƙare ya buɗe ido.

"Melinda, ashe abin nan haka yake da daɗi?"

"Kamar yau ka fara ci."

"Yau na fara."

"Kai Baban Zulmira, ka ji tsoron Allah. Duk zamanmu a gidan nan?"

"Duk wanda kika ja da mai shi. Wanda ya lalace kuma na aladu ne."

A nan ne kukan da ta riƙe tun ranar Angra ya ƙwace mata. Tana yi tana lalube a faranti, ta ɗauko wani gutsuren ta sa masa a baki. Ni ma na fita tsakar gida na yi nawa.

Urbano bai warke ba. Ya kai har lokacin karyar masara, a kan alewar nan da ɗan ruwan da yake bi bayanta. Akwai waɗanda har gobe suke cewa da ta kai bakancen da wataƙila an ga wani abu, ni kuwa duk wadda ta faɗa a gabana sai na tambaye ta ko tana ɗakin a ranar. Cikin watannin nan, duk safiyar da iska ta juya arewa sai in ji bugun bango, in je in riƙe tasa. Masu ƙafa da masu hannu suka yi ta zuwa tana ce musu su dawo wani lokaci. Ta ja sukarin har ya yi fari, ta ɗauki almakashi ta yanka shi ƙanana ƙanana, daidai bakin mijinta.