Inda Kawu Sale Ya Ce A Sa Gida

"To wai wa ke sama yana kallonmu haka?" Kawu Sale ya tambaye ni, yana leƙen sabuwar wayarsa.

Jiya ne, a rumfarsa ta nama a Batsari. Yana shiga ƙauyukan Safana sayen awaki, shi ya sa ya ce in saita masa taswirar nan mai nuna hanya. Da na kunna GPS, mai gano inda mutum yake ta tauraron ɗan'adam, ɗigo shuɗi ya fito daidai inda muke zaune. Ya taka zuwa bakin titi, ɗigon ya bi shi. Ya dawo yana dariya, wai tauraron nan ba shi da aikin yi.

Muka gwada hanyar ƙauyen Tsaskiya, ta zana ta tsaf. Sai wayar ta nemi a sa mata inda gida yake. Na fara rubuta unguwar da yake haya.

"Dakata, ɗan nan. Tana iya nuna ƙauyenmu na wajen Ruma?"

Tun da 'yan bindiga suka tashe su bai koma ba. Muka yi ta jan hoton sama na taswirar har ya gane tsamiyar ƙofar gidansa, ga rumbunansa tsaye da jinkansu.

"Na yau ne?"

"A'a Kawu, tsohon hoto ne."

Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To sa mata nan. Ranar da lafiya ta samu, kada ta kai ni wani wuri."

Na sa.

Ku fa, da wayarku ta tambaye ku gida, ina kuka sa mata?