Mutumin Da Ya Zo Roƙon Ƙarshen Labari

Shekarar da na rubuta littafin nan ina koyarwa a wata firamare a cikin Azare, ajin da yara suka fi ƙarfin benci. In na taso na ɗora sanwa, na kora yarana Islamiyya, sai in zauna a bakin ƙofar kicin da waya a hannu, in yi ta dannawa har a kira magariba. Abin da ya samu shi nake turawa guruf ɗinmu na mata. Da farko ƙawayena ne da 'yan uwa a ciki. Daga baya aka yi ta turawa gaba, aka yi ta shigo da mutane, har ya zama yawancin masu karantawar ban taɓa ganin fuskarsu ba.

Labarin miji da mata ne da suka yi auren soyayya, shekaru suka ja babu haihuwa. Dangin mijin suka sa matar a gaba. Ta sha jiƙe-jiƙe, ta sha saiwoyi, ta sha habaici a gidan suna. Shi kuwa mijin ya tsaya mata, ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba zai ƙara aure ba. Masu karatu suka mato a kansa, kowa na addu'ar Allah ya ba ta irinsa. Sai a tsakiyar littafin na fito da abin da ke ƙasa: tun farkon auren likita ya gaya masa matsalar daga gare shi take, ya haɗiye maganar. Ƙin ƙara auren ma har da tsoron kada asirinsa ya tonu. Amma yana son ta, so na gaske.

Ranar da na tura wannan shafin, wayata ta yi zafi kamar an ɗauko ta daga murhu. Saƙonnin murya suka yi ta shigowa. Wata kuka take yi, ban ma ji abin da take faɗa ba. Wata ta ce tuwonta ya kama saboda ni. Wata ta ja wa mijin Allah ya isa kamar maƙwabcinta ne, ta ce in sa mota ta take shi kafin littafin ya ƙare. Wasu kuma suka tashi kare shi, suka ce namiji ma mutum ne, kunya ta fi yunwa ciwo. Faɗa ya kaure a guruf, aka fara zagin iyaye a kan mutumin da babu shi a duniya. Ni ce mai rabon faɗa, ni ce mai fitar da mutane, ni ce kuma wadda ake turo wa 'yan ban haƙuri.

Har maƙwabciyata ta shiga ciki. 'Yar ƙabilar Ibo ce, ta daɗe a Azare tana sayar da kayan roba a kasuwa, Hausa a bakinta kamar jakar Kano. Kowa Madam yake ce mata. 'Yarta ke karanta mata shafin in ta dawo daga shago. Ta leƙo ta katanga ta ce da ni in dai matar nan ta koma gidan mutumin nan, to kada in ƙara aiko yara aron turminta.

Da farko abin yana min daɗi, ba zan ɓoye ba. Daga baya ya koma kaya. Babban yatsana ya riƙa sagewa, idona yana ruwa a gaban allo. In na kwana biyu ban tura ba sai a ce na fara girman kai. Akwai lokacin da aka yi mana rasuwa a Katagum, ƙanwar mahaifina, na tafi zaman makoki. Da na dawo na buɗe waya, na tarar da masu ta'aziyya kaɗan, masu tambayar shafi na gaba da yawa. Wata ma ta haɗa su a saƙo guda, Allah ya jiƙanta a sama, yaushe za ki ci gaba a ƙasa.

A cikin wannan halin ne baƙon ya zo. Maigidana yana da shagon taki da maganin feshi a kasuwa. Wata Asabar bayan azahar ya shigo ya ce in sa hijabi in fito zaure, akwai mai son ganina. Ya ce wani abokin cinikinsa ne daga Dambam, manomin riɗi da wake, mutumin kirki, amma shi ma bai gane abin da ya kawo shi ba.

Na same shi zaune a gefen tabarma, magidanci ne wanda furfura ta fara tsatso masa a gemu. Makullin babur yake ta juyawa a hannu. Muka gaisa, ya tambayi yara, ya tambayi aiki, ya sake tambayar yara. Sannan ya ce ƙanwar matarsa tana karatu a nan Azare, ita ta gaya musu cewa matar mai shagon taki ce ke rubuta labarin. In ta je hutu ita ke karanta wa yayarta a tsakar gida da yamma, shi kuma yana jiyowa daga ɗakinsa.

Na yi godiya, a zatona yabo ya zo yi. Sai ya ɗago kai kaɗan.

"Malama, za ta yafe masa?"

Na yi dariya na ce ai ban kai wurin ba tukuna. Bai yi dariyar ba.

"Don Allah ki sa ta yafe," ya ce. "Mu shekarunmu sun ma fi nasu yawa."

Maigidana ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma. Mutumin bai ƙara bayani ba, kuma babu wanda ya nema. Abin da ya ƙara kawai shi ne, ranar da aka karanta shafin tonon asirin, ya kasa kunne ya ji me matarsa za ta ce. Ƙanwar ta yi ta tsinuwa. Ita kuwa matar sai ta ce, Allah sarki, shi ma bawan Allah yana cikin wahala. Tun daga ranar, in ji shi, abinci ba ya wuce masa.

Na gaya masa gaskiya. Na ce mutanen littafi a hannuna suke, in na ce su zauna za su zauna, amma matarsa ba a cikin wayata take ba. Ya ce ya sani. Maigidana ya ba shi shawarar ya nemi wani babba ko malamin da yake jin nauyinsa kafin ya yi komai. Ya ce to. Ya tashi, ya ajiye ƙullin riɗi a bakin ƙofa ya ce a yi wa yara kantu, ya buga babur ɗinsa ya tafi.

Na kwana da yawa ban iya rubuta ko layi ɗaya ba. Tun asali yafiya na shirya, littafin soyayya ne, ina kuma za shi? Amma yanzu duk kalmar da na danna sai in ga kamar ina tura mutum cikin rijiya ina ce masa babu zurfi. In kuma na sauya, na sa ta ƙi yafewa, na san akwai wata tsakar gida a Dambam da za a karanta shi, da mutum a ɗaki yana sauraro. Guruf kuwa ba a fasa kirana mai jan rai ba.

Daga ƙarshe na rubuta yadda na tsara tun farko. Mijin ya tara mahaifiyarsa da 'yan uwansa, ya faɗi gaskiya a gaban matar, ya wanke ta. Ta tafi gidansu. Ya yi ta sintiri, ya rame, ya yi jinya. Bayan lokaci ta sauko, ta dawo, suka ɗauki marainiya suka riƙe. Na sa aya, na ce alhamdulillahi.

Rabin guruf suka yi kuka suna sa min albarka. Rabi suka ce na ci amanar mata, na koya wa maza cewa su yi ta cuta, ƙarshenta haƙuri ne. Wata ta ce daga gani ban taɓa sanin ciwo ba. Madam ta yi kwanaki tana amsa gaisuwata a daƙile, sannan ta huce. Ni dai na kashe data na yi barcin da na daɗe ban yi ba.

Damina ta wuce, an fara yankan gero, sai wata rana na dawo daga makaranta na tarar da mata biyu a tsakar gidana. Ƙaramar ta gabatar da kanta, ita ce ɗalibar nan, ƙanwar matar mutumin Dambam. Babbar doguwa ce, fara, siririya, da alamar jinin Fulani. Ba sai an gaya min ko wace ce ba. Asibiti suka zo, in ji ƙanwar, suka ce bari su biyo. Na kawo ruwa, na kawo abinci. Ƙanwar ta ja yarana suka shiga ɗaki, aka bar mu mu biyu.

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Tana magana tana gyara bakin mayafinta. Ta ce bayan an gama littafin da 'yan kwanaki mijin ya same ta tana tsintar wake, ya durƙusa ya gaya mata cewa matsalar daga gare shi take. Ta ce ta ci gaba da tsintar wakenta har ta gama, don ba ta san me za ta yi da hannunta ba. Abin da ya fara faɗo mata a rai wata tafiya ce da suka yi wurin wani mai magani can gaba da Sakwa. Shi ya goya ta a babur. Ya zauna a gindin bishiya yana jiranta, aka ba ta wani jiƙo da ya sa ta yi ta amai har ta kasa tsayuwa. A hanyar dawowa yana ta ce mata sannu, yana tafiya a hankali don kada gargada ta dame ta. Ta ce shekaru tana tuna wannan tafiyar a matsayin ranar da ta tabbatar yana son ta.

Na ce mata ai ya gaya min ta tausaya wa mijin littafin.

"Na tausaya masa mana, Anti," ta ce. "Ai ba ni na sha masa ɗacin ba."

Ta ce tana gidan mahaifinta a Dagauda tun lokacin. Gwajin da ta zo yi ya nuna lafiyarta ƙalau, bai kuma sa ta farin ciki ba. Sharaɗi ɗaya ta ba shi: ya je ya gaya wa mahaifiyarsa da bakinsa, kamar yadda na littafin ya yi. Shi kuma roƙonta yake ta rufa masa asiri, maganar ta tsaya tsakaninsu. Yana zuwa Dagauda duk ranar kasuwa, ya zauna a waje da mahaifinta, ya kawo kayan cefane, ya koma.

Na ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri. Ta ce amin. Ta ce ba ta zo don ta ga laifina ba, so take kawai ta ga wadda ta rubuta. Sai ta ce akwai abu ɗaya.

"Kin rubuta ranar da ya faɗa, kin rubuta ranar da ta yafe. Tsakanin nan shafi kaɗan kika ba shi. Ni kuma a nan nake zaune."

Da za su tafi ta tambaye ni ko duka yaran nan nawa ne. Na ce e. Ta gyaɗa kai, ta shafa kan ƙaramar 'yata, ta ce Allah ya raya.

Ban sake ganinta ba. Da wata daminar ta kawo kai mutumin ya zo sayen taki, maigidana ya dawo da labarin. Auren ya mutu. Ita ta nemi takardarta, shi kuma bai ja ba, ya ba ta. Bai taɓa iya zuwa gaban mahaifiyarsa da maganar ba. A unguwarsu abin da ake faɗa shi ne, ya yi haƙuri iya haƙuri da juya, a ƙarshe ya gaji. Matar ba ta fito ta ƙaryata ba. Maigidana ya ce mutumin ya tsufa a shekara guda, ya ɗaure buhunsa a babur har ya manta da maganin feshin da ya saya, sai da aka bi shi da shi.

Na fara wani littafin bayan nan, na yi 'yan shafuka na bari. 'Yan guruf sun yi ta cigiya har suka gaji, yanzu tallar atamfa da turaren wuta ake yi a ciki. Tsohon littafin kuwa bai daina yawo ba, wasu ma sun cire alamar cewa ni na rubuta. Makon jiya ina cikin duba jarrabawar yara wata baƙuwa ta turo min saƙon murya mai tsawo. Ta ce yanzu ta gama, ta yi kuka har kanta ya yi ciwo, ta ce wannan yafiyar ta wanke mata zuciya, Allah ya saka min da alheri. Na saurara har ƙarshe. Na rubuta mata amin, na gode, na kife wayar, na jawo takardar yaro na gaba.