Takwas Ce, Na Ga Uku

Ina aji ɗaya a sakandare Inna ta kama hannuna ta kai ni shagon ƙanenta a unguwar Hausari. Babanmu dillalin shanu ne, ya so in riƙa bin sa kasuwa, amma ni tun ina ƙarami duk abin da ke cin batir a gidanmu sai na buɗe cikinsa. Inna ta ce gara in je inda za a koya mini mayar da abin da na kwance. Shagon Kawu ɗan ƙarami ne, tsakanin mai ɗinkin hula da mai sayar da turaren wuta, ƙofarsa na kallon wata tsohuwar darbejiya. Rediyoyi ne jibge har rufi, wasu masu su sun rasu ba a zo karɓa ba.

Abu na farko da ya koya mini shi ne awo. A cikin rediyo akwai wasu 'yan ƙananan kaya da ake kira resisto, kowanne da zobba masu launi a jikinsa, kuma launin ne ke faɗin ƙarfinsa. Sauran masu gyara kallo ɗaya suke yi su gane. Kawu bai yarda da wannan ba.

"Kada in ga ka ɗauki abu da ido," in ji shi. "Ɗora shi a mita tukuna."

Wayar lantarki ma haka. Kafin in cire ta sai na manna mata ɗan tef na rubuta lamba. Aikinmu ya fi na kowa jinkiri a layin, amma ba a dawo mana da shi. Na ɗauka tsabar ƙwarewa ce, har ina yi wa yaran sauran shaguna gori.

Da rikici ya tsananta a gari aka yanke layukan waya na tsawon watanni, sai kowa ya zaƙulo tsohon rediyonsa daga ƙarƙashin gado. Muna buɗe shago da hantsi, mu rufe kafin dokar hana fita, a tsakani ba ma ɗaga kai sai in jirgin yaƙi ya wuce. Ƙararsa takan girgiza kwanukan rufi, mai hula ya yi salati, ni kuwa in fita bakin darbejiya in bi shi da ido. Ban taɓa sha'awar tuƙi ba. Wani tsohon soja da ke kawo mana rediyonsa ne ya gaya mini cewa kowane jirgi yana da mutanen da ke buɗe cikinsa su duba wayoyinsa da na'urorinsa, kuma matuƙi ba ya tashi sai sun sa hannu. Tun ranar na san abin da nake so.

Shekara bakwai na yi ina shiri. Na gama sakandare, na shiga kwalejin fasaha na yi difloma a fannin lantarki, da rana ina makaranta, da yamma ina shago. Da na ji ana gwada gudu wajen ɗaukar sojan sama, sai na fara fita bayan sallar asuba. Kawu ne ya saya mini takalmin kambas ɗin da nake gudu da shi. Idan abokan cinikinsa suka zo yakan nuna ni ya ce, "Ga injiniyan jirginmu nan." Akwai wani abokina ɗan unguwar Shehuri da muke aji ɗaya, shi ma ya cika fom ɗin shiga soja saboda ya ga na cika. Rabin aikin gwajin da ya miƙa a kwaleji ni na haɗa masa.

Mun ci jarrabawar rubutu mu biyu, aka kira mu tantancewa a bariki. An auna tsayi, an auna ƙirji, an sa mu gudu cikin rana, an ɗibi jini. Duk na wuce. A rana ta uku aka jera mu a barandar asibiti don gwajin ido. Na karanta haruffan bango har layin ƙarshe, mai rubutawa ya gyaɗa kai. Daga nan aka tura ni wani ɗaki inda wata likitar soja ke zaune kusa da taga da wani ɗan littafi a gabanta. Kowane shafi da'ira ce cike da ɗige-ɗige manya da ƙanana.

"Lamba nawa ka gani?"

"Sha biyu."

Ta buɗe na gaba.

"Uku," na ce.

Ta ɗago ta dube ni, ta sake buɗe wani. Na faɗi abin da na gani. A shafi na huɗu ko na biyar ban ga komai ba sai ɗige-ɗige kamar an watsa gero a tabarma. Na ce mata wannan babu lamba. Ta juya littafin wajen hasken taga, ta ce in nutsu in sake dubawa. Na duba har idona ya kawo ruwa. Sai ta koma shafi na biyu, ta kira sojan da ke bakin ƙofa ta nuna masa. Daga inda yake tsaye ya ce, "Takwas."

Na ɗauka wasa suke yi mini. Ta ɗauki bayan biro ta bi lambar a hankali, ta zagaya sama ta zagaya ƙasa, ni kuwa rabin hanyar da biron ya bi ban ga komai a wurin ba.

Ta ce idona lafiyarsa ƙalau wajen hangen nesa da kusa, amma ba ya rarrabe ja da kore yadda na sauran mutane ke yi. Ta ce da shi aka haife ni, galibi ta wajen uwa ake gadonsa, ba ya ƙaruwa, ba ya kuma warkewa. Sannan ta jawo takardata ta yi rubutu.

"Ranki ya daɗe," na ce, "a kawo mini kowace irin na'ura da ta lalace, yanzu a gabanki. In ban gyara ba ki kore ni."

"Na yarda za ka gyara," ta ce. "Amma a cikin jirgi wayoyi dami-dami ne, kaurin hannunka. Akwai fitilun gargaɗi, wata ja wata kore. Wata rana ba za ka sami lokacin awo ba, kuma ran wani ne a ciki."

Ta ce akwai sassan da ba su buƙatar wannan, kamar aikin ofis ko kula da sito, in ina so in sake nema a can. Ba ta yi mini tsawa ba, ba ta wulakanta ni ba. Na sha fatan da ma ta yi, da na sami wanda zan tsana. Duka-duka abin bai kai minti goma ba. Ina fitowa abokina na shiga. Ta taga na ji shi yana jero lambobi kamar mai karanta lambar wayarsa.

A cikin keke, kan hanyar komawa gari, abubuwa suka riƙa dawo mini. Sau nawa Inna ta aike ni sayen tumatir na kawo mata ɗanye, ta ce hankalina na wajen rediyo. Wani malamin firamare ya taɓa zane ni don na shafa wa ganyen bishiya launin ruwan ƙasa a darasin zane, ya ce iskanci ne. Ranar wata Sallah ƙannena mata sun yi ta dariyar hular da na ɗora a kan kaftanina, ban san dalili ba, ni ma na taya su. Duk rayuwata na yarda ni mutum ne mai sakaci a ƙananan abubuwa.

Ban wuce gida ba, na sauka a shago. La'asar ta yi, Kawu na zaune ya duƙufa a kan wani rediyo, hayaƙin dalma na tashi. Na gaya masa an cire ni. Ya ajiye ƙarfen narka dalmar, ya tambaye ni a wane mataki. Na fara ba shi labarin littafin, ban kai ƙarshe ba ya sauke numfashi ya ce:

"Ashe har yanzu suna da littafin nan."

Na tsaya ina kallonsa.

"Wane littafi, Kawu? Ina ka san shi?"

Ya daɗe yana goge hannu da tsumma kafin ya yi magana. Ya ce yana saurayi ya nemi aikin jirgin ƙasa, lokacin da jirgi ke shigowa garin nan. Ya ci komai, sai aka buɗe masa wannan littafin. Daga nan ya dawo ya koyi gyaran rediyo, ya ƙirƙiro wa kansa dabarar mita da tef. Ya ce a satina na farko a shagon ya ce in miƙo masa jar waya na miƙo kore, ya karɓa ya yi aiki da ita, sai da mai hula ya leƙo ya yi magana. A nan ya gane irin idonmu ɗaya.

"Shekara goma sha ɗaya ke nan," na ce. "Ka sani, ka bar ni ina gudu da asuba kamar mahaukaci? Kai ka saya mini takalmin!"

"Na ɗauka zamani ya canja. Na ce yanzu komai kwamfuta ce, wa zai tsaya duba launi."

"Da ka faɗa mini ai da na bincika."

"Da na faɗa maka da ba ka yi karatun ba."

"Wannan ni ya shafa, ba kai ba."

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Ya dubi ƙofa, ya rage murya ya ce in yi a hankali, mutane na ji. Ya ce in aka san mai gyaran rediyo ba ya ganin launi, wa zai ƙara kawo masa aiki? A nan na ji ainihin dalilin. Don ya faɗa mini nawa, dole ya faɗi nasa, shi kuma ya fi shekara talatin yana ɓoye shi. Ya auna asirinsa da shekaruna, ya zaɓi asirinsa.

A gida na tarar da Inna tana turara kaya. Na tambaye ta ko ta sani. Ta ce ta san Kawu da babansu ba sa gane nunannen abu da ɗanye, a gidansu ana ce wa abin idon maza, ana dariya a wuce. Ba ta taɓa kawo wa ranta cewa ciwo ne da likita ke rubutawa a takarda ba. Da na ce mata ta wajen uwa ake gado, sai ta zauna a bakin gado ta rufe fuska da lafayarta. Na yi nadamar faɗa mata wannan. Ita kam ba ta ɓoye mini komai ba, ba ta sani ba ne.

Ban koma shagon ba. Ban kuma sake cika fom ba, ko na ofis ko na sito. Baba ya yi ta lallashina, ya ce kaki kaki ne. Na ce ba zan iya zama ina ƙirga barguna ina jin ƙarar injin ta taga ba. Ko girman kai ne, ko gaskiya ce, har yau ban yanke ba. Shekarun ɗauka dai sun wuce ni ina cikin fushi.

Lokacin da wutar gari ta ɗauke na dogon lokaci, mutane suka koma sola, sai na shiga wannan aikin. Yanzu ina da shago nawa, ina hawa rufin gidaje ina ɗaura farantan sola, ina haɗa batura. Ina ci, ina ciyar da iyali, alhamdu lillahi. Duk wanda zan yi wa aiki nakan gaya masa tun farko cewa ba na rarrabe ja da kore, da awo nake aiki. Mutum biyu ne kawai suka taɓa fasawa. Wannan ma ya ƙara mini haushin Kawu, don abin da ya ji tsoro bai kai ya kawo ba.

Abokina yakan zo hutu. Mutumin kirki ne, ba ya zuwa wurina da kaki, kuma in na tambaye shi aiki sai ya ce wahala ce kawai, ni na huta. Na san don ya sanyaya mini rai yake faɗa. Bara ni na haɗa wa mahaifiyarsa sola a Shehuri. Yana tsaye a ƙasa yana riƙe mini tsani, ya ce har yanzu in abu ya rikice masa a wurin aiki yakan tuna yadda nake bin layi ɗaya bayan ɗaya. Na ce masa ya riƙe tsanin da kyau.

Shekara uku tsakanina da Kawu gaisuwa ce kawai, a masallaci ko wurin suna. Sai ciwon suga ya kwantar da shi, aka rufe shagon. Inna ta ce in ba zan je don shi ba, in je don ita. Na same shi da hantsi a zaure, ya rame, ƙafarsa a naɗe. Muka gaisa, ya tambayi yara, ya tambayi kasuwa. Da na tashi tafiya ya riƙo gefen rigata.

"Ɗan nan, ka yafe mini."

Inna na tsaye a bakin ƙofa, matarsa na bayanta. Na ce na yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ya saki rigar, ya yi ta sa mini albarka. Bayan wata biyu ya rasu, ina cikin waɗanda suka sa shi a kabari.

Na faɗa da bakina, kuma ina so ya zama gaskiya. Ina yi masa addu'a bayan kowace salla, ina kai wa matarsa cefane ranar Juma'a. Amma in na duba zuciyata tsakani da Allah, yafiyar ba ta gama sauka ba, kuma yanzu babu wanda zan je in gaya wa.