Hannun Hagun Babana

Ina cikin aji a Daura ƙanena ya turo mini hoton ta waya. Bai rubuta komai ba sai, "Yaya, ka zo gida yau." Na buɗe, na ga Baba da wani Bature zaune a tabarma ɗaya, suna cin tuwo a kwano ɗaya. A sama an rubuta da Turanci cewa baƙi da fari duk ɗaya ne. Hoton ya yi kyau, har na fara murmushi. Sai idona ya sauka a kan kwanon, na ga hannun hagu Baba ya sa a ciki. 

Ni na jawo wannan hoton. Watanni kafin nan wata ƙungiya ta zo garinmu Sandamu duba idon tsofaffi, da Baturen nan a cikinsu, aka ɗauke ni tafinta tunda Turanci nake koyarwa. Baba kuwa shi ne na'ibin liman a masallacin unguwarmu, kuma ba mai son hoto ba ne ko kaɗan. Ni na zauna na lallashe shi, na ce ai nuna wa duniya za a yi cewa muna karrama baƙo. Ya ce, "Tunda kai ka ce." Ina tsaye aka ɗauka, kuma da idona na ga ya ci da dama, kamar yadda ya yi duk rayuwarsa.

Kafin in hau mashin na kira matar da take shirya musu hotuna. Ta amsa da fara'a. Na ce mata an yi kuskure. Ta ce ba kuskure ba ne, da gangan suka juya hoton. Wai a yadda aka ɗauka, Baturen ne a gefen hagu, kuma mai karatun boko daga hagu idonsa yake farawa, sai a ɗauka shi ne babba, tsohon kuma raɓe yake. Shi ya sa suka juya, don a fara ganin Baba. Har sun ɗan karkata hoton domin kawunansu su yi daidai, kada wani ya fi wani tsawo.

Abin da ya fi ba ni haushi, na gane maganarta sarai. Irin abin da nake koya wa ɗalibaina ke nan: wa aka sa a gaba, wa yake kallon wa, me aka yanke. Sun auna kai, sun auna kafaɗa, sun auna haske, amma babu wanda ya tsaya ya dubi hannu. Na ce mata a nan mutum ba ya ci da hagu, balle malami, balle a gaban baƙo. Ta ba da haƙuri, ta ce za su gyara. Na ce an riga an tura shi ko'ina.

Na isa Sandamu bayan azahar. Tun daga bakin layi na san magana ta bazu, don mai shayin da kullum yake tsokanata da "malamin boko" kawar da kai ya yi. Ƙanena ya tare ni, ya ce a majalisa ana cewa Baba ya kwaikwayi Nasara don ya burge su. Wani dattijo ma ya ce mutumin da zai bar sunna saboda hoto, da wace fuska zai ja mutane salla? Ga liman ya yi tafiya Mai'adua, Baba ne zai ja la'asar.

Na tarar da shi a zaure da dattawa uku. Na durƙusa na gaishe su, suka amsa a daƙile. Baba bai dube ni ba. Na shiga cikin gida na ɗauko madubin Inna, na dawo na ɗora wayar a gabansa.

"Baba, ku duba cikin madubin."

Suka sunkuyo. A cikin madubin ga Baba yana ci da damarsa, aljihun rigarsa ma ya koma inda tela ya ɗinka shi. Na yi musu bayanin juyawar, har da dalilin da matar ta ba ni. Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, "Ikon Allah! Wato girmama shi suka yi?" Na ce haka suka nufa. Ya girgiza kai, ya ce lallai an zalunci Malam, kuma shi zai faɗa wa mutane.

Na ji sanyi a raina, na zaci an gama. Sai Baba ya miƙo mini madubin, ya dube ni karo na farko.

"Mu huɗu mun gani," in ji shi. "Waɗanda aka tura wa a Zango da Daura fa? Gida-gida za ka bi su da madubin uwarka?"

Na karɓi madubin, na mayar wa Inna.

Da aka kira la'asar muka tafi masallaci tare, yana gaba ina baya. Ladan ya ta da iƙama, sahu ya daidaita, kowa yana jiran Baba. Babu wanda ya hana shi. Ya tsaya jim, sannan ya taɓa kafaɗar wani malami da bai kai ni shekaru ba, ya nuna masa gaba. Shi kuma ya ja da baya, ya shiga sahu kusa da ni, kafaɗarsa tana gogar tawa. Ban taɓa yin salla a gefen Baba a masallacin nan ba sai ranar, kuma har aka sallame ban san surar da na karanta ba.