Malama Khairiyya, Wadda Ta Hana “Da Sauƙi” a Ajinta

Idan aka sauko daga sallar La'asar a Gwandu, ina zaune bakin kekena na ɗinki, sai in ga Malama Khairiyya ta ɓullo da tabarmi biyu a hammata da buta a hannu. Ajinta yana kallon shagona, tsohon zaure ne da aka ba ta aro. Matan aure take koya wa Turanci, wasu daga Masama, wasu daga rugagen bayan Dodoru, wasu ma sun yi jika. Watan jiya ta ajiye aiki saboda ciwon gwiwa. Ba wanda ya kafa mata rumfa, ba wanda ya yi jawabi. To ni zan yi, wanda ransa zai ɓaci ya ɓaci.

Koyarwarta sai wanda ya gani. Sai ta ɗauki butar nan ta tuntsurar da ruwan a gabansu da gangan, ta ce a gaya mata abin da ya faru. Sai ka ji mata sun haɗa baki: “Tsautsayi na, Malama.”

“Na ji tsautsayi na. Wa yaz zubar?”

Sai kowa ta sunkuyar da kai. Wa zai dubi malamarsa ya ce ita ta yi ɓarna? Haka za ta tsare su har wata ta daure ta ce, “Ke kiz zubar.” Sannan ta sa su faɗa da Turanci: wa ya yi, me ya yi, yaushe, a ina. Ta hana “wai”, ta hana “ɗan abin nan”, ta hana “kwanan baya”. Wanda ya fi tayar da ƙura shi ne da ta hana “da sauƙi”. Mu nan ko mutum yana shure-shure, ka tambaye shi jiki, da sauƙi zai ce maka. Ita kuwa ta ce, “Ku yi wa mai gaisuwa da sauƙi, wannan ladabi na. Amma in likita yat tambaya, ku hwaɗi inda ka ciwo.”

Kai, ta sha magana! A bakin shagon nan nawa aka ce tana cire wa mata kunya. Wani ya ce me tsohuwa za ta yi da Turanci, ko gwamna za ta aura? Aka yi dariya, wasu suka janye matansu. Ke kuwa Malama, ba ki taɓa tsayawa kin rama ba, washegari ma sai kin zo kin shimfiɗa tabarmarki.

Cikin waɗanda suka rage akwai Binta, Bafulatana daga Masama, mai 'ya ɗaya, Mubaraka. Kowa ya san al'adar: uwa ba ta kama sunan 'yar fari, ba ta nuna damuwa da ita a gaban mutane, balle a gaban surukai. “Waccan” take ce mata.

Bara suka je biki wata ruga kusa da Kalgo, gidan dangin surukarta, Inna. Da hantsi Binta ta iske yarinyar a bayan rumbu tana amai, yawu na zuba, kusa da ita ga robar lemo da aka ɗura maganin feshin gona a ciki. Ta raɗa wa Inna cewa waccan ta taɓa wani abu. Inna ta ce zazzaɓin hanya ne, kada a tozarta masu gida ranar bikinsu. Amma dai aka ɗauke ta zuwa wani ƙaramin asibiti.

Likitan ɗan bautar ƙasa ne daga kudu, ba ya jin Hausa. Mamman mai gadi aka kira ya yi tafinta, kuma shi da bakinsa ya ba ni labarin nan. Likita ya tambayi abin da ke damunta. Inna ce babba, ita ta amsa: zazzaɓi ne, amma da sauƙi. Mamman ya juya yadda aka faɗa. Likita ya kama shirin ba da maganin zazzaɓi. Binta tana rakuɓe a bakin ƙofa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, kuma ta fahimci kowace kalma da aka faɗa.

Mamman ya ce sai kawai suka ji muryar Binta, da Turanci: “Wannan 'yata ce. Sunanta Mubaraka. Ta sha maganin feshi. Yau da safe. Na ga robar.”

Likita ya yi wurgi da biro ya ƙwala wa ma'aikaciyar jinya kira. Daga baya ya gaya wa Mamman cewa da an koma gida da yarinyar nan, da wuya ta kai yamma.

Kada ku zaci an yi wa Binta guɗa. Inna ta daɗe ba ta amsa gaisuwarta, wai ta kama sunan 'yar fari a gabanta, ta kuma kunyata dangi. Maganar ta dawo har Gwandu, aka sake ɗora wa Malama laifi. Wannan ne ya ƙona mini rai, wallahi har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa.

Malama Khairiyya, uwar masu faɗa a fili, ke ce kika tsaya a zauren aro ana zaginki har kika sa matar da ba ta iya ɗaga ido ta buɗe baki ranar da ya kamata. Mun gode. Allah ya ba ki lafiyar gwiwa, ya saka miki da Aljanna. Ku kuma 'yan boko da kuka cika garin nan, zauren yana nan a rufe, matan suna zuwa suna tambayata yaushe za a buɗe. Wani ya tashi ya karɓa mana.

Masu cewa Malama ta ɓata mata kuwa, ga hanyar Masama nan. Mubaraka tana can, ta shiga aji ɗaya bana. Ku je ku dube ta ido da ido, ku gaya mata gara da uwarta ta yi shiru.